Haƙuri Ba Ya Hana Kai Ƙara: Sharhi Kan Wariya a Wurin Aiki



A shekarar 1995, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Georgina Ahamefule tana aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Legas. Tana da juna biyu sai maruru suka fito mata, ta kai kukanta wurin likitan da ke shugabantar asibitin. Aka ɗebi jininta aka auna ba tare da an gaya mata abin da ake nema ba. Sakamako ya nuna tana ɗauke da ƙwayar cutar HIV. Kafin shekarar ta ƙare an miƙa mata takardar sallama. Cikin ya zube, asibitin da ta yi wa hidima shekara da shekaru kuma ya ƙi yi mata wankin ciki.

A shekarar 2000 ta shigar da ƙara da taimakon wata ƙungiyar kare haƙƙi mai suna SERAC. Sai ga wani sabon tashin hankali. Alƙaliyar da aka fara kai wa shari'ar ta ce Georgina ba za ta taka zauren kotu ba sai an kawo ƙwararre ya tabbatar da cewa shigarta ba za ta sa wani ya kamu da cutar ba. Matar da aka kora daga aiki, ga shi an tare mata ƙofar wurin da za ta kai kuka. Duk da haka ba ta janye ba. Sai a watan Satumba na 2012 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke cewa korar da aka yi mata haramtacciya ce, ta ba da umarni a biya ta diyyar naira miliyan 7. Shekara 17 ke nan tsakanin kora da hukunci. Shekara biyu bayan haka, a 2014, Najeriya ta samu dokar da ta hana nuna wa masu wannan cuta bambanci, ta kuma hana a mayar da gwajin HIV sharaɗin ɗaukar mutum aiki.

Na kawo wannan labari ne saboda wata magana da mu a nan Arewa muka saba faɗa wa duk wanda aka zalunta a wurin aiki. Za ka ji an ce, "Ka yi haƙuri, ka bar shi da Allah." Ko a ce, "Kada ka ja da wanda ya fi ka." Ko uwa ta ce wa 'yarta, "Ki rufa wa kanki asiri, aikin ma nawa suke nema ba su samu ba." Masu faɗar haka ba mugunta suke nufi ba, tsoro ne da ƙauna. Sun san yadda aiki yake da wuyar samu, sun san bakin da ke jiran albashin nan a gida. Ni ma ba na raina haƙuri. Abin da nake ja da shi shi ne a mayar da haƙuri ya zama yin shiru kaɗai. Wanda ya yi shekara 12 yana zarya a kotu ba tare da ya zagi kowa ba, ba tare da ya ɗauki doka a hannunsa ba, ai shi ma haƙuri ya yi, kuma irin wanda ya amfani mutanen da bai taɓa gani ba. Idan aka kori mace don ta ɗauki ciki ta tafi ba ta ce uffan ba, shugaban da ya kore ta ya koyi cewa abin ba shi da tsada. Wadda za ta gaji kujerarta ita za ta biya.

To amma mu tsaya mu bambance, domin ba kowane ɓacin rai na ofis ba ne wariya. Idan kana makara kullum aka ba ka takardar tuhuma, wannan horo ne. Idan oganka mai zafin rai ne, yana yi wa kowa tsawa, babba da yaro, mace da namiji, to halinsa ne ba shi da kyau, kuma akwai hanyar maganinsa daban. Wariya ita ce a hana ka abin da aka ba wani, ko a ɗora maka abin da ba a ɗora wa wani ba, alhali aikinku ɗaya, takardunku ɗaya, kuma dalilin bambancin shi ne ƙabilarka, ko addininka, ko garin kakanninka, ko kasancewarki mace, ko wata lalura da ke jikinka. Tambayar da ya kamata mutum ya fara yi wa kansa ita ce: wane ne daidai da ni a wannan wuri, kuma yaya aka yi masa? Ku uku kuka shiga aiki rana ɗaya, biyu an yi musu ƙarin girma sau biyu, kai kana nan inda kake, ba a taɓa kama ka da laifi ba, kuma ka sha jin ana ce maka "ku mutanen can". Wannan magana ce da za a iya zama a bincika.

Doka kuwa tana nan, ko da yake da yawa daga cikinmu ba mu san da ita ba. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko wurin asali, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa, har da yanayin haihuwarsa. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida tana aiki, ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kare masu buƙata ta musamman, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Najeriya ta kuma rattaba hannu a yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 111 kan hana wariya a aiki tun 2002, sannan a 2022 ta amince da mai lamba 190 wadda ta shafi cin zarafi da tsangwama a wurin aiki.

Abin da ya fi canza al'amari a ganina shi ne gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, wanda ya ɗaga darajar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya miƙa mata hurumin sauraron duk wata ƙara ta wariya da cin zarafi a wurin aiki, ya kuma ba ta damar yin aiki da yarjejeniyoyin duniya da Najeriya ta amince da su. Kafin nan, ka'idar da kotuna suka fi bi ita ce mai kamfani yana iya sallamar ma'aikaci ko da dalili ko babu, muddin ya ba shi wa'adi ko kuɗin wa'adi. Yanzu wannan kotu ta sha tambayar masu kamfani: mene ne dalili? A 2011 ta ba wata ma'aikaciyar ƙungiya mai zaman kanta a Abuja diyyar albashin shekara guda, bayan ta gamsu cewa an sallame ta ne jim kaɗan da ta sanar da shugabanninta tana da ciki. A watan Disambar 2013, a Legas, ta kama kamfanin Microsoft da alhakin gazawa wajen kare wata ma'aikaciyarsa da shugabanta ya matsa wa da neman lalata, aka sallame ta bayan ta ƙi, kuma diyyar da aka yanke ta haura naira miliyan 39. Wannan kotu tana da rassa a Kano da Kaduna da Sakkwato da Bauchi da Jos da Yola, ba sai mutum ya je Abuja ko Legas ba.

Akwai wata shari'a da na san za ta yi wa wasu masu sauraro nauyi, amma dole a taɓo ta. A farkon 2021 rundunar 'yan sanda ta kori wata 'yar sanda mai suna Omolola Olajide a Jihar Ekiti saboda ta ɗauki ciki ba ta da aure, bisa wata tsohuwar ka'ida mai lamba 127. A watan Janairun 2023 Kotun Ma'aikata da ke Akure ta ce ka'idar wariya ce, ta ba da diyyar naira miliyan 5, ko da yake ba ta mayar da ita bakin aiki ba. A 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke ka'idar, a wata ƙara da Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa ta shigar. Na san wani zai ce, "To ai abin da ta yi addini bai yarda da shi ba." Gaskiya ne, Musulmi da Kirista duka ba su yarda da shi ba. Amma abin da ke gaban kotu daban ne. Ɗan sanda namiji da ya yi wa mace ciki ba aure, babu wata ka'ida da ta ce a kore shi. Laifi iri ɗaya, an hukunta ɗaya an bar ɗaya. Duk addinin da ya hana zina ya hana wannan irin awo ma. Kuma mu tuna, ƙofar da aka bi aka yi mata adalci ita ce dai ƙofar da 'yarmu mai hijabi za ta bi. A watan Disambar 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta. Ta tsaya a kan bakanta, jama'a suka mara mata baya, a watan Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta a kanta.

Yanzu ga wanda abin ya same shi, me zai yi?

Kafin komai, ka fara rubutu. Yawancin ƙorafin da ke mutuwa ba don ƙarya ba ne yake mutuwa, don babu hujja ne. Ka samu ɗan littafi ka ajiye a gida, kada ka bar shi a cikin durowar ofis. Duk ranar da wani abu ya faru ka rubuta kwanan wata, da wuri, da abin da aka ce kalma da kalma, da waɗanda suke wurin. Saƙon waya ko na WhatsApp da aka turo maka kada ka goge don ɓacin rai, ka ɗauki hotonsa ka aika wa wani amintacce. Takardar ɗaukarka aiki, da takardun albashi, da na ƙarin girma, da duk wata takardar yabo, ka yi musu kwafi tun ana zaman lafiya, domin ranar da aka ce ka miƙa makulli ba za ka sake ganin fayil ɗinka ba. Sai dai ka kiyaye: takardunka kaɗai za ka ɗauka, kada ka kwashi sirrin ma'aikata ka ba su abin kama ka da shi.

Daga nan ka kai ƙorafi a cikin gida, a rubuce. Maganar baki a gefen masallaci ko a wurin ajiye motoci ba ta barin sawu. Rubuta gajeriyar takarda cikin ladabi, ba zagi, ba barazana, ka faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru da abin da kake nema. Ka miƙa wa sashen kula da ma'aikata, ko wanda ke gaba da wanda ya cuce ka, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Idan akwai ƙungiyar ƙwadago a wurin, ka sanar da wakilinta tun da wuri, abin da ake yanke maka kuɗin ƙungiya dominsa ke nan duk wata.

Abu ɗaya da nake roƙo da babbar murya: kada ka sa hannu a takardar ajiye aiki cikin fushi ko cikin firgita. Dabara ce da aka saba. A kira ka ofis, a rufe ƙofa, a ce, "Gara ka rubuta ka tafi da mutuncinka, in ba haka ba mu kore ka." Ka nemi lokaci, ka ce za ka yi shawara. Kotun Ma'aikata tana sauraron wanda aka tilasta wa ajiye aiki, amma tabbatar da tilas ɗin ya fi wuya idan ga takarda da sa hannunka tana cewa da kanka ka tafi, har da godiya.

Idan cikin gida ya gagara, akwai ƙofofin da ba a biyan ko sisi. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofis a kowace jiha, tana karɓar ƙorafi kan ma'aikatun gwamnati da kamfanoni, sai dai ka'idarta ita ce a kai kuka cikin wata 12 da faruwar abin. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jihohi, wanda ke iya kiran ɓangarorin biyu ya sasanta. Mata suna da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Masu buƙata ta musamman suna da hukumarsu ta ƙasa tun 2020. Wanda yake son zuwa kotu kuwa ya nemi lauya da sauri, musamman idan da gwamnati zai yi shari'a, domin akwai wata tsohuwar doka mai kare jami'an gwamnati da ta sa wa'adin wata uku, kuma lauyoyinsu kan ɗauko ta su ce an makara. Watannin da mutum ke kashewa yana bin manya su sa baki, agogo bai tsaya ba.

Ba zan ce muku babu haɗari ba. Akwai. Wanda ya kai ƙorafi akan canza masa wurin aiki zuwa wani lungu, ko a daina sa shi a kwamiti, ko a fara tono masa laifin da aka manta. Abokan aiki su riƙa kauce masa a hanya. Shi ya sa rubutun nan yake da muhimmanci, domin idan takardar tuhuma ta farko a rayuwarka ta zo mako biyu bayan ka kai ƙorafi, kwanan watan da kansa shaida ne. Shi ya sa kuma ba na ɗora nauyin duka a kan wanda aka zalunta.

Ina magana da kai, abokin aiki, da kake zaune a teburin kusa lokacin da aka ce wa baiwar Allah, "Mu nan ba ma ɗaukar masu haihuwa duk shekara." Ka ji da kunnenka. Daga baya ka same ta ka ce, "Wallahi ban ji daɗi ba, amma don Allah kada ki ambaci sunana." Ɗan'uwa, wannan jaje ne, kuma jaje ba ya mayar da albashi. Addininmu ya yi kakkausan gargaɗi kan ɓoye shaida. Ban ce ka tsaya tsakiyar ofis ka yi faɗa da oga ba. Ka rubuta abin da ka ji a ranar, ka gaya mata cewa in an kira ka za ka faɗi gaskiya. In ku biyu ne ko uku kuka ji, ku tafi tare. Tsintsiya ɗaure take shara, kuma shugaban da zai iya murƙushe mutum ɗaya sai ya yi tunani kafin ya taɓa huɗu.

Sannan mu duba gidanmu. Muna saurin jin zafi idan aka ce an wulaƙanta ɗan Arewa a Kudu, kuma ya kamata mu ji. A 2011 gwamnatin Jihar Abia ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, mutane da yawa suka yi tir. To mu fa? Tun 2006 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ware waɗanda ake kira baƙi a jihohin ƙasar nan, kuma Kano da Kaduna da Filato suna cikin wuraren da ta yi bincike. Malamin makaranta da aka haifa a Sabon Gari, ya yi karatu a nan, Hausarsa ta fi tawa, ya koyar da 'ya'yanmu lissafi shekara ashirin, amma yana kan kwantiragi ba fansho saboda takardar shaidar asali, shi ma sashe na 42 yana kare shi. Haka Bahaushen da aka haifi kakansa a Jos. Haka makahon da ya gama jami'a da sakamako mai kyau, aka ba shi kuɗin mota a wurin ganawar ɗaukar aiki maimakon a yi masa tambaya. Haka gurgun da aka ɗauka don cike gurbi, aka sa ofishinsa a hawa na biyu a ginin da ba shi da hanyar keke, alhali wa'adin shekara biyar da dokar 2019 ta bayar na gyara gine-gine ya cika tun Janairun 2024. Idan muna son doka ta tsaya mana a Fatakwal, sai mu bar ta ta tsaya wa wani a Zariya.

Na san mafi yawan masu saurarona ba a ofis suke aiki ba. Yaron shago ne a Kantin Kwari, ko mai ɗinki, ko malama a makarantar kuɗi ta unguwa, ko mai gadi, ko mai sayar da mai a gidan mai. Babu sashen kula da ma'aikata, babu ƙungiya, sau da yawa ko takardar ɗauka babu, duk da cewa sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Rashin takarda ba ya nufin ba ka da haƙƙi. Saƙon banki da ke nuna shigowar albashi duk wata hujja ce. Katin shaidar wurin aiki hujja ne. Littafin sa hannu na safe hujja ne. Kuma a irin waɗannan wurare shugaban kasuwa, ko mai unguwa, ko limami, sau da yawa sun fi kotu saurin warware magana. Abin da nake roƙon waɗannan dattawa shi ne, idan an kawo muku irin wannan kuka, kada ku fara da ba wa mai ƙaramin ƙarfi haƙuri. Ku fara da tambayar mai gida dalilinsa, a gaban wanda ya kawo kukan. In an sasanta, a rubuta abin da aka amince, da adadin kuɗi da ranar biya, kowa ya sa hannu, a ba kowa kwafinsa.

Ku kuma shugabannin ma'aikatu da masu kamfanoni, ranar da takardar ƙorafi ta iso teburinku, kada ku miƙa ta ga wanda ake ƙara a kansa ku ce ya ba da shawara. Ku amsa a rubuce cewa kun karɓa. Ku naɗa mutanen da ba su da hannu a maganar su saurari kowane ɓangare shi kaɗai, kuma idan mace ce ta kawo kukan cin zarafi, a sa mace a cikin masu sauraro. Ku dakatar da duk wani canjin wurin aiki ko takardar tuhuma a kan mai ƙorafi har sai an gama bincike, ku sa wa binciken ranar ƙarewa, sannan ku sanar da ɓangarorin biyu abin da aka gano, shi ma a rubuce.